Zanen Aro da Zanen Dutse: Yadda Muke Rubuta Tarihin Birnin Kudu da Gwaram

Ka tambayi ɗan boko daga kudancin Jigawa tarihin Birnin Kudu, kafin ka rufe baki ya fara lissafa maka manya da yatsunsa. Gwamna biyu. Ministan harkokin waje. Attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, wanda ya yi karatu a kwalejin garin. Wani gwamnan Kano da shi ma ya sha ruwan makarantar. Idan ya kai ƙarshe sai ya dube ka, alamar magana ta ƙare. Haka abin yake a rubuce. Duba ƙasidun da ake rabawa a taron ƙungiyoyin ci gaban gari, da mujallun tsofaffin ɗalibai, da shafukan intanet, da dogayen rubuce-rubucen Facebook. Kusan dukkansu ɗinki ɗaya ne: sakin layi guda a kan kafuwar gari, layi biyu a kan sana'ar mutanensa, wato noma da kiwo kamar kowane gari, sannan jerin fitattun 'ya'yan gari ya cinye sauran takardar.

Wannan nau'in rubutu ne muke so mu sa a faifai yau. Mun daɗe muna karanta shi, wasu daga cikinmu ma sun rubuta shi da hannunsu, don haka ba daga nesa muke jifa ba. Abin da muka gani shi ne, jerin manya ya zama mana zanen aro, Hausawa kuwa sun riga sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Muna yafa wa gari sunayen mutanen da duniya ta sani, amma garin kansa yana nan a buɗe, ba a ce komai a kansa ba.

Bari mu fara da yi wa jerin adalci, domin sunayen da ke cikinsa ba na ƙarya ba ne. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma gwamnanta na farko na farar hula shi ne Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, lokacin da soja suka rushe gwamnatocin farar hula. Sule Lamido, haifaffen Bamaina a 1948, ya shiga Majalisar Wakilai a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ya zama sakataren SDP na ƙasa, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, sannan ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Ke nan cikin zaɓaɓɓun gwamnoni biyar da jihar ta yi, biyu daga ƙaramar hukumar Birnin Kudu suka fito. Aliko Ɗangote ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Haka nan Abdullahi Umar Ganduje, gwamnan Kano daga 2015 zuwa 2023. Duk garin da ya tara irin waɗannan sunaye yana da dalilin ɗaga kai. Yaron da ke zaune a ajin da attajirin Afirka ya taɓa zama yana iya samun ƙarfin zuciya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Matsala ta farko ita ce jerin yana zuba kowa a ƙwarya ɗaya, alhali dangantakar mutanen da garin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda aka binne cibiyarsa a ƙasar, akwai wanda mota ta kawo shi da akwatinsa ya yi 'yan shekaru ya koma. Ɗangote a Kano aka haife shi a 1957, kuma ta wajen uwa jinin Alhassan Ɗantata ne. Ganduje mutumin ƙasar Dawakin Tofa ne. Shi kuwa Lamido, ɗan ƙasar, a Kwalejin Barewa ta Zariya ya yi sakandare. Idan har zaman makaranta yana mai da mutum ɗan gari, to Zazzagawa ma suna da damar saka Lamido a nasu jerin, kusa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A ƙarshe sai ka ga manya ƙalilan ne ake ta ja-in-ja a kansu tsakanin garuruwa, kowa ya yafa su na ɗan lokaci ya miƙa wa na gaba.

Ba muna cewa a cire masu wucewa daga tarihin gari ba ne. Wucewarsu ma tarihi ce, in da za a yi mata tambayoyin da suka dace. Me ya sa aka dasa makarantar kwana ta wannan daraja a garin da ke nesa da birnin Kano, tun kafin samun 'yancin kai? Su wa suka koyar a cikinta, daga ina suka zo, a wace unguwa suka zauna? Wa ya riƙa kai mata itace da hatsi da nama? Mata nawa ne suka rayu da sayar wa ɗalibai ƙosai da gyaɗa da rake ta bayan shinge? Yaran garin nawa ne suka samu shiga, nawa ne suka tsaya kallonta daga waje? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce tarihin Birnin Kudu da kwalejinta. Jerin tsofaffin ɗalibai kuwa tarihin inda suka je ne bayan sun bar garin. Rubutun da muke da shi yana bin mutum zuwa Legas da Abuja, ya bar garin a tasha yana ɗaga masa hannu.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Yawancin mutanen da ke cikin irin waɗannan jere suna raye, suna da iko ko dukiya, kuma sau da yawa su ne ake gayyata su ƙaddamar da takardar da sunansu ke ciki. Mun san yadda taron yake: babban baƙo, mai ƙaddamarwa, uban taro, sannan a sanar da abin da kowa ya saya. Marubucin da ke jiran wannan rana ba zai iya auna mutum ba, sai dai ya wasa shi. Ba mu raina roƙo ba, sana'a ce mai asali da ƙa'idojinta, kuma maroƙi ba ya ɓoye abin da yake yi. Abin da ke damunmu shi ne roƙon da ya sa rigar tarihi. A birnin Landan akwai al'adar manna allo a jikin gidan da wani shahararre ya taɓa zama, wadda aka fara tun 1866. Ƙa'idarsu a yau ita ce sai mutum ya shekara 20 da rasuwa kafin a duba cancantarsa. Ba dole mu kwaikwaye su ba, amma hikimar a fili take: sai ƙura ta lafa ake gane tsawon mutum. Mu kuwa muna rubuta hukuncin tarihi alhali mai shari'ar yana zaune a kujerar gaba da alƙalamin sa hannu a aljihunsa.

Ko lokacin da babban mutum ya rubuta tarihinsa da kansa, mu masu karatu mukan maimaita wannan kuskure. A watan Mayun 2025 aka ƙaddamar da littafin rayuwar Sule Lamido a Abuja, mai suna Being True to Myself. Abin da jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa shi ne batun soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da abin da ya gudana tsakanin manyan soja da 'yan siyasa. Wannan ba laifi ba ne, domin mutumin yana tsakiyar lamarin a matsayinsa na sakataren jam'iyyar da ta tsayar da Abiola. Amma mu da muke da'awar kishin tarihin gida, wa ya zauna ya karanta littafin da idon ɗan Bamaina, ya tambayi abin da yake faɗa game da ƙauyen da ya haifi marubucin, ya gwada shi da abin da tsofaffin wurin suke tunawa? Ga shi kuma da Turanci aka rubuta shi, harshen da mafi yawan waɗanda suka yi layi suka zaɓi mutumin ba sa karantawa.

Daga ina muka gaji wannan tsari na jere? Muna ganin tushensa yana cikin tsohuwar al'adarmu ta lissafin sarakuna. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, an gina shi ne a kan sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, shi ma sarauta ce ƙashin bayansa. Mun ɗauki wannan ƙira, muka cire sarakuna muka sa gwamnoni da attajirai. Sai dai mun bar abin da ya ba tsohon tsarin daraja. Marubucin Tarihin Kano yana amfani da sunan sarki ne kamar turken da ake ɗaure zamani: a zamanin Yaji Wangarawa suka zo da addini, a zamanin Muhammadu Rumfa aka kafa kasuwar Kurmi aka faɗaɗa ganuwa. Sunan sarki yana buɗe ƙofa zuwa ga abin da ya sami jama'a. A namu jerin kuwa suna ne ke rufe ƙofar. Da an ambace shi da muƙaminsa, sai a wuce na gaba.

Abin mamaki shi ne, abin da ya fara kai sunan Birnin Kudu cikin littattafan masana na duniya ba shi da sunan kowa a kansa. A cikin duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen shanu da wasu mutanen da suka shuɗe suka yi a jikin dutse. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma aka san shi da binciken kayan tarihin Nok, ya yi nazarin waɗannan wurare. A nan ne kuma ya ci karo da duwatsun da idan aka buga su suke amo kamar ƙararrawa, ya rubuta bayaninsu a mujallar Man a 1956. Daga baya aka riƙa gano irinsu a wasu sassan Afirka, kuma masu nazarin wannan fanni har yau da Birnin Kudu suke buɗe labarin.

Duk makiyayin da ya kalli zanen zai lura da abin da ɗan boko zai iya wucewa bai gani ba: shanun ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da ke kiwo a wannan ƙasa a yau duk masu tozo ne. Ke nan dutsen yana gaya mana cewa an yi wani zamani da garken wannan yanki ya sha bamban da na yanzu, kuma an yi mutanen da shanu suka kai musu matsayin da za su hau dutse su zana su. Fagg ya kuma tarar cewa wuraren ba kufai ba ne, domin al'adar biki ta garin tana da alaƙa da su, har ana kai amare can. Duwatsun suna da sunayensu na Hausa tun kafin ya zo. Wato mutanen gari sun san su. Amma a rubuce sunan Fagg ne ya tsira. Masu zanen, da masu kaɗa duwatsun, da amaren, babu ɗayansu da zai shiga jerin fitattun 'ya'yan gari. Wannan shi ne zanen da garin ya mallaka da kansa, ba aro ba, kuma shi ne muke ba layi ɗaya a ƙasan shafi ƙarƙashin taken wuraren yawon buɗe ido.

Idan ana so a ga iyakar illar wannan tsari, a bar Birnin Kudu a gangara Gwaram, a tsaya a Kwandiko. Kwandiko ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gwaram, tare da irin su Basirka da Fagam da Kila da Sara da Maruta da Farin Dutse. Ba ta haifi gwamna ba, ba ta da kwalejin da attajiran duniya suka zauna. Mafi yawan inda mai karatu zai ci karo da sunanta a rubuce shi ne takardun hukumar zaɓe da sakamakon ƙuri'u. Bisa ma'aunin jerin manya, Kwandiko ba ta da tarihi. Yaron da ya tashi a can, aka koya masa cewa tarihin gari shi ne manyan da ya fitar, darasin da zai ɗauka guda ne: garinsu wuri ne da ake bari, kuma mutum ba ya zama abin ambato sai ya yi nisa da gida. Wannan shi ne abin da muke asara, kuma ya fi takarda tsada.

Alhali kuwa ƙasar Gwaram da Birnin Kudu tana kan ɗaya daga cikin iyakokin da suka fi zafi a ƙarni na 19. A wajajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Daga nan aka shafe kusan rabin ƙarni Ningawa suna kai hari kudancin ƙasar Kano, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, kuma wutar ba ta mutu ba sai zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Garuruwan wannan yanki su ne ke bakin daga. Wanda ya yi babban bincike a kan Ningi shi ne Adell Patton, Ba'amurke, a kundin digirinsa na 1975. To ina labarin daga ɓangaren waɗanda ake kai wa harin? Ina mutane suke gudu idan aka buga kuge? Wane gida ne aka kama kakarsu, wane gida ne aka fanso nasu? Me ya sa wannan ƙauye yake gindin dutse, wancan kuma ya tashi daga tsohon mazauninsa? Irin wannan ilimi a bakin tsofaffi yake, jikokin waɗanda suka ji daga waɗanda suka gani, kuma kowace shekara ana binne wani kaso nasa.

Ba sai tsohon zamani ba. A damina ta 2021 ruwa ya yanke hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa cikin ramin, fiye da mutum 20 suka rasu. Kwana biyu sunan Gwaram yana kanun labarai, daga nan aka wuce. Wa ya rubuta yadda yankewar wannan hanya take shafar mai kai hatsi kasuwar Sara, ko mai naƙudar da za a kai asibitin tarayya na Birnin Kudu? Wannan ma tarihin gida ne, kuma babu fitaccen ɗan gari ko ɗaya a cikinsa.

Kada wani ya ce ba a iya rubuta littafi a kan wanda ba kowa ba. A tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana rubuta abin da take faɗa. Littafin Baba ta Karo ya fito a 1954, a daidai shekarun da Fagg ke hawan duwatsun Birnin Kudu. Baba ba ta taɓa riƙe sarauta ba, ba ta yi boko ba, ba ta tara dukiya ba. Amma duk mai son sanin yadda aka yi zaman rinji, da fargabar mahara, da aure da kishi da ƙawance, da yadda talaka ya ga zuwan Turawa, wurinta yake zuwa. Hakimai nawa na zamaninta aka manta, ita kuwa ana karanta ta a jami'o'in duniya. A Faransa ma, Emmanuel Le Roy Ladurie ya fitar da littafi a 1975 a kan Montaillou, ƙauyen da mutanensa ba su fi 250 ba a farkon ƙarni na 14. Ya gina shi ne daga bayanan tuhumar da wani babban limamin coci ya yi wa mazauna ƙauyen, kuma ɗaya daga cikin taurarin littafin makiyayin tumaki ne. Abin da littattafan biyu suka yi tarayya a kai shi ne haƙurin sauraro.

Mu marubutan ƙagaggun labarai ma muna da namu kason laifin. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 ba su ji kunyar ƙananan garuruwa ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zaunar da Shaihu Umar a Rauta, kusa da Bauchi, ya kira wurin da sunansa. A yau kuwa, musamman a littattafan da ke yawo a wayoyi, gidan attajiri yana da unguwa da lamba a Abuja ko Dubai, amma yarinyar da za a aura masa daga wani ƙauye take, ƙauyen da ba shi da suna, ba shi da kasuwa, ba shi da dutse ko rafi, sai talauci da mugun kawu. Wannan shi ne jerin manya a cikin rigar labari: ƙauye wurin fitowa ne, rayuwa tana can inda masu kuɗi suke. Marubucin da zai kafa labarinsa a Kwandiko, ya san ranar kasuwa, ya san abin da ake shukawa a jigawa da abin da ake shukawa a fadama, ya san yadda Bafulatani da Bahaushe da Bawarje suke tsokanar juna, zai ba mu abin da ba mu taɓa karantawa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon duk mai shirin rubuta tarihin garinsu. Idan zai ambaci babban mutum, ya gaya mana irin igiyar da ta ɗaure shi da garin, haihuwa ce ko karatu ko aiki, sannan ya amsa tambaya biyu: me garin ya zuba a cikinsa, me shi kuma ya bari a garin wanda za a iya nunawa da yatsa. Idan mutumin yana raye, marubuci ya bayyana ko shi ne ya ɗauki nauyin bugun. Bayan haka, kowane shafi da aka ba gwamna, a ba ungozoma da maƙeri da limamin unguwa da sarkin pawa irinsa. Kayan aikin ba su da tsada. Wayar da muke rubuta kirarin manya da ita tana ɗaukar murya. Ɗalibin da ya dawo hutu Kwandiko ko Fagam yana iya zama da kakarsa yamma uku, ya rubuta abin da ta faɗa da Hausar da ta faɗe shi, ya sa ranar da wurin.

Manyanmu ba su rasa masu rubuta su ba, kuma ba za su rasa ba. Tsohuwar da ta san dalilin da ya sa aka tashi daga tsohon gari, ta san waƙar da ake yi idan za a kai amarya dutse, ita ce ba ta da kowa, kuma ba za ta jira mu gama taron ƙaddamarwa ba.